Eragon, Fourth Wing, Temeraire ko Pern: wanne zan fara saya in kuɗin littafi ɗaya ne a hannuna?

Tun ranar da na ɗora hoton kantar littattafaina a status mutum uku suka min tambaya iri ɗaya, wai cikin littattafan nan na mahaya dodo wanne ya kamata a fara da shi. Ɗaya ƙanwata ce da ta gama sakandare tana zaman jiran sakamako, ɗaya abokin aikina ne wanda rabonsa da karanta labari tun zamanin da muke hayar littattafan yaƙi a shagon unguwa, ta ukun kuma wata 'yar uwa ce da TikTok ya cika mata kunne da Fourth Wing har ta ƙagu. Na ga amsa ɗaya ba za ta ishe su ba, kuma littafin Turanci yanzu ba abu bane da mutum zai saya don gwaji ya yar, shi yasa na ce bari in zauna in baje komai a faifai.

Maganar suna tukuna. Turawa diragon suke cewa, ni dodo nake cewa don ya fi min daɗin baki, amma fa ba dodon tatsuniya ba mai laɓewa a bakin rafi yana jiran budurwa ta zo ɗiban ruwa. Wannan wani ƙaton ƙadangare ne mai fukafukai, mai hankali, yana magana, wasu na aman wuta, kuma a duk littattafan nan huɗu shi ke zaɓar wanda zai hau shi, ba kai za ka je kasuwa ka taya shi kamar doki ba.

Abubuwan da na duba

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin littafi ɗaya kawai ba, don babu ko ɗaya a cikinsu da labarin ya ƙare a littafin farko. Lissafin gaskiya shine littafi nawa zan saya kafin in ga ƙarshe. Na biyu ƙarko, kashi biyu ne: ƙarkon takardar kanta, da kuma ko labarin zai ja ka ka sake karantawa bayan shekara biyu ko kuwa irin rake ne, ka tsotse ka tofar. Na uku sauƙin Turancin. Na huɗu abin da za a yi hattara da shi, batsa, ashar, maganar addini, ko labarin da ba a gama rubutawa ba. Na biyar, wanda ni a wajena ya fi sauran nauyi, shine shaƙuwar da ke tsakanin mahayi da dodonsa, don ita ce ta kawo mu, in yaƙi kawai mutum ke so ai littattafan yaƙi sun cika gari.

Eragon

Christopher Paolini ne ya rubuta, ɗan jihar Montana a Amurka, kuma yana da shekara 15 ya fara. Iyayensa ne suka fara buga masa a 2002 yana yawo makarantu yana talla da kansa, sai a 2003 babban kamfanin Knopf ya karɓa. Littafi huɗu ne: Eragon, sai Eldest a 2005, Brisingr a 2008, Inheritance a 2011. A 2023 ya ƙara wani mai suna Murtagh amma wannan ƙari ne, ba dole bane.

Labarin wani yaro ne maraya ɗan ƙauye da ke hannun kawunsa, ya je farauta a dutse ya tsinci wani shuɗin dutse mai santsi. Abin da na fi so a farkon littafin shine yaron bai yi tunanin wata ɗaukaka ba, wajen mahaucin ƙauyensu ya nufa da shi ko za a ba shi nama su ci da sanyi, mahaucin da ya ji daga inda aka samo shi ya kore shi. Ashe ƙwan dodo ne, mace. Ta ƙyanƙyashe, ya ɓoye ta a daji yana kai mata abinci, ya raɗa mata Saphira. Ranar da ta fara tashi da shi sama ba sirdi, ɓawon jikinta ya saɓule masa fatar cinya tas har ya kasa tafiya, kuma wannan ƙaramin abun ne ya sa na yarda da littafin, duk wanda ya taɓa hawan jaki ba akumari ya san me ake nufi.

Shaƙuwa: a nan Eragon ya yi ƙarfi. Da zuci suke magana, tana ce masa ƙaramin yaro duk da shi ya rene ta, tana da kishi da ji da kai, wani lokacin kamar uwa wani lokacin kamar yayar da ba ta ɗaukar raini. Tare suke girma a gaban idonka. Sihirin ma yana da ƙa'ida mai daɗi, duk abin da ka yi da shi zai ci ƙarfin jikinka daidai da in da hannu ka yi, in ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka mutuwa za ka yi.

Kuɗi: littattafan manya ne, na farko wajen shafi 500, na ƙarshe ya haura 800, amma saboda sun daɗe kuma an buga su da yawa, a cikin huɗun nan shi na fi cin karo da shi a wajen masu baje littattafan gwanjo. Nawa na farko a can na same shi, da sunan wani yaro Bature a rubuce a bangon ciki.

Sauƙi: Turancinsa miƙaƙƙe ne, don matasa aka rubuta. Abin da zai ɗan ba ka wahala sunaye ne na ƙirƙira masu ɗige-ɗige a kai, amma akwai ƙamus a bayan littafin, kuma ba wanda zai maka jarabawa, ka kira su yadda bakinka ya iya.

Hattara: babu batsa, soyayyar ma ta kallo daga nesa ce. Akwai jini da yanka dai, musamman daga na uku. Abu ɗaya da zan faɗa wa iyaye, a Eldest akwai wata al'umma masu dogayen kunnuwa da ake kira elf, malamin yaron a cikinsu ya zaunar da shi yana masa bayanin su ba sa bauta wa komai, su kuma wadannin labarin suna da gumakansu. Shafuka kaɗan ne, amma in yaro za ka ba, ka san da shi ku tattauna. Sai kuma jan labari, Eldest da Brisingr akwai wuraren da za ka yi shafi hamsin ana koyon zama shiru a daji ko ana siyasar zaɓen sarkin wadanni, wallahi sai da na tsallake wasu. Abin da ya cece ni shine ɓangaren Roran, ɗan kawun nasa, wanda ba shi da dodo ba shi da sihiri sai guduma da taurin kai, ya kwashi ƙauye guda ya yi hijira da su. Kuma duk wanda ya saba da manyan labaran Turawa irin wannan zai ga cewa yaron ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can, ba a ɓoye abun yake ba. Fim ɗin da aka yi a 2006 kam kar ka auna littafin da shi.

Ƙarko: na karanta na farko sau uku. A karo na uku na fara ganin ƙuruciyar marubucin a fili, amma Saphira ba ta tsufa ba.

Fourth Wing

Wannan shine mai tashe. Rebecca Yarros, ita ma 'yar Amurka, ta fitar da shi a watan Mayu 2023, Iron Flame ya biyo baya a Nuwamba na shekarar, Onyx Storm a Janairu 2025, kuma ta ce biyar ta tsara. Wato a lokacin da nake wannan rubutun ba a kai ƙarshe ba.

Violet Sorrengail yarinya ce 'yar shekara 20 da ta taso tana shirin zama marubuciya a ɗakin ajiye littattafai, sai uwarta, wadda janar ce a soja, ta tilasta mata shiga sashen mahaya dodo a kwalejin yaƙi ta Basgiath, inda ɗalibai ke mutuwa kamar kiyashi kuma ana karanto sunayensu da safe. Jarabawar shiga ma wata siririyar gada ce ta dutse can sama ba abin riƙewa, ana ruwa ana iska, ka zame shikenan. A nan ne ta cire takalminta ƙafa ɗaya ta yi musaya da wata yarinya da ba ta taɓa gani ba saboda ta ga ƙasan nata santsi ne da shi. Jikinta kuma ba ƙwari, gaɓoɓinta na gocewa da ƙaramin abu, irin lalurar da ita marubuciyar ke fama da ita a zahiri, don haka da dabara take cin faɗa, har da barbaɗa wa abokan karawarta wani abu a abinci kafin a shiga fili.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, a kwana biyu na cinye shi, na ƙona wake a kan wuta saboda shi. Matar ta iya riƙe mai karatu, kowane babi a ƙarshensa akwai ƙugiya. Dodonta Tairn, baƙi, tsoho, mai baƙar magana, duk inda ya buɗe baki sai ka yi dariya. Matsalata ita ce ba shi ne tsakiyar labarin ba. Tsakiyar labarin Xaden ne, saurayin da ubansa ya yi tawaye uwarta ta sa hannu aka kashe shi, wanda ya kamata ya tsane ta amma ka san sauran. Duk wadda ta karanta littattafan soyayya na Hausa ta san wannan hanyar ido rufe, miskilin namiji, gaba ta koma so. Dodannin suna nan amma sau da yawa kamar 'yan rakiyar amarya.

Sauƙi: shi ya fi duka sauƙi in ka saba da Turancin fina-finan Amurka, don yadda matasan yanzu ke magana haka aka rubuta shi, da bakin Violet kai tsaye.

Kuɗi: shi ya fi tsada, sabo ne, ana rububinsa, da wuya ka gan shi a gwanjo. Akwai bugu na musamman masu zanen dodo a gefen shafuka, suna da kyau a hoto, amma labarin ciki ɗaya ne. Kuma saboda tashensa shi aka fi yi wa bugun jabu. Na taɓa yin oda wajen wani mai sayarwa a intanet da na ga araha, littafin ya zo rubutun dishi-dishi kamar an yi hoto a shagon kwafi, ina cikin babi na ashirin da wani abu sai na ga an koma babi na sha takwas, shafi kusan talatin babu su, na masa magana ya ce haka kamfani ya buga. Araha ba ta ado.

Hattara: a nan zan tsaya sosai. Akwai batsa a fili, ba ishara ba, babi guda-guda ne ake bayanin komai dalla-dalla, a na farko suna can wajen ƙarshe, a na biyu sun ƙaru. Ashar kuma kusan kowane shafi. Ba littafin yara bane, ba don yara aka rubuta shi ba, bangon ne kawai ke yaudarar mutane su ɗauka irin Eragon ne. Ba zan ba ƙanwata ba, kuma ba littafin da za ka bari a falo bane. Wasu na tsallake waɗannan babukan su ci gaba, yana yiwuwa, amma zancen sha'awa a bakin Violet a warwatse yake ko'ina, ba a wuri ɗaya aka tara shi ba. Haɗari na biyu, yadda take yanke labari. Ka tuna haushin nan na "mu haɗu a littafi na uku" bayan ka biya kuɗin haya? Toh haka, sai dai wannan jiran na shekaru ne.

Ƙarko: na gwada maimaitawa, ban kai rabi ba. Da zarar ka san sirrin da ke ƙarshe, rabin daɗin ya tafi.

Temeraire

Wannan shine nawa, in faɗa tun yanzu kar a ce na yi son kai a ɓoye. Naomi Novik ta fitar da na farko a 2006, a Amurka sunansa His Majesty's Dragon, a Ingila kuma Temeraire kawai, ka kula kar ka sayi abu ɗaya sau biyu. Littafi tara ne, na ƙarshe League of Dragons ya fito 2016, an gama.

Dabarar da ta yi ita ce ta ɗauki yaƙin Napoleon na gaske tsakanin Faransa da Ingila, wajen 1805, ta ce a ƙaddara kowace ƙasa tana da rundunar dodanni a matsayin sojan sama. Kyaftin William Laurence na sojan ruwan Ingila ya kama jirgin Faransawa, aka tarar da ƙwan dodo a ciki dab da ƙyanƙyashewa, ga su a tsakiyar teku. Dole wani ya sa masa ɗamara da zarar ya fito ko ya zama na daji, kuma ba mai so, don zama mahayin dodo a wannan duniyar ba abin alfahari bane, ka rabu da aure da gida da zaman mutunci kenan. Aka yi ƙuri'a ta faɗa kan wani yaro mai tsoron bisa. Dodon ya fito, ya wuce yaron ko kallo, ya zaga ya tsaya gaban kyaftin ɗin ya masa magana da Turanci tsaf, don tun a cikin ƙwai suke koyon yare. A take mutumin ya rasa jirginsa, ya rasa matar da yake shirin aure, ubansa ya juya masa baya.

Abin da ya biyo baya shine shaƙuwar da ban ga irinta ba a sauran ukun. Laurence mutum ne mai tsananin bin doka da ladabi, Temeraire kuma, wato dodon nasa, ɗan tambaya ne. Kullum da dare Laurence zai zauna a kan hannun dodon da fitila yana karanta masa littafi, har littattafan lissafi da shi kansa mai karantawar ba ya ganewa, dodon ne ke masa bayani. Sai tambayoyi su fara: me yasa ba a biyan dodanni albashi, me yasa muke kwana a fili a ƙasa, in sarki ya ba da umarnin zalunci dole ne a bi? A hankali dabbar da aka ba shi ya hora ita ke gyara masa tunani. Lokacin kuma ana tsakiyar rigimar hana cinikin bayi a Ingila, littafin bai kauce wa wannan ba.

Yaƙin ma daban ne, ba mutum ɗaya ke hawa ba, dodo ɗaya na ɗaukar tawaga guda, masu bindiga, masu jefa bam, yara masu aike, kowa ya maƙale da ƙugiya a jikin ɗamara, kamar jirgin ruwa mai fukafukai. Ana lissafin shanu nawa zai ci a mako, wa zai biya. Akwai wani jinsin dodo mai tofa guba da ba ya yarda da kowa sai mace, don haka rundunar na ɓoye mata kyaftin-kyaftin ba tare da jama'a sun sani ba. Kuma kowane littafi da ƙasarsa: na biyu Sin, inda dodanni ke yawo a titi suna cefane da kuɗinsu, na uku Istanbul, na huɗu kudancin Afirka inda ya tarar da daular Tswana da dodanninta sun tashi kan masu satar mutane, daga baya Ostareliya, Kudancin Amurka, Japan, Rasha.

Sauƙi: nan ne matsalarsa. Da gangan ta rubuta shi da Turancin mutanen da, dogayen jimloli, ladabi mai lanƙwasa, ga kalmomin jirgin ruwa. Babi uku na farko sai ka daure. In Turancinka na makaranta ne kawai ba ka saba karatun labari ba, kar ka fara da shi, zai sa ka tsani abun gaba ɗaya.

Kuɗi: kowanne bai kai kaurin Eragon ba, na farko bai kai shafi 400 ba, amma tara ne. Sauƙin da ke ciki shine na farko ya tsaya da ƙafarsa, ka gama shi ka huta ba wanda ya bar ka a rataye. Akwai kuma bugun da ya haɗa ukun farko a bango ɗaya, In His Majesty's Service. Samunsa a gwanjo sai sa'a.

Hattara: ba batsa a fili, akwai dai wata alaƙa ba aure tsakanin Laurence da wata kyaftin, ana ambata a wuce. Shan giya irin na sojan Turawa. Na shida, na Ostareliya, tafiya ce a hamada da ba ta ƙarewa, ko ni masoyinsa na gaji.

Ƙarko: shi na fi komawa. Duk karatu sai na ga wani abun da ban lura da shi ba.

Pern

Kakarsu kenan. Anne McCaffrey ta fitar da na farko, Dragonflight, a 1968, kuma wani ɓangare na labarin ne ya sa ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Hugo, babbar lambar yabo ta marubutan irin waɗannan littattafan, a ƙagaggen labari. Dragonquest ya biyo a 1971, The White Dragon a 1978. Wannan abun na dodo ya fito daga ƙwai ya zaɓi mutum su haɗa zuciya har mutuwa, ita ta kafa shi, sauran duk a gonarta suka yi kala.

A nan abokin gaba ba mutum bane, wani abu ne da suke kira Zare, yana zubowa daga sama duk bayan shekaru ɗaruruwa yana cinye duk mai rai, dodanni ke tashi su ƙone shi kafin ya taɓa ƙasa. An yi shekara 400 bai zubo ba, mutane suka ce tatsuniya ce, suka fara ƙin kai wa mahaya harajin abinci, sansani shida ya koma ɗaya. Lessa kuma 'yar sarauta ce da aka kashe danginta, ta yi shekara goma tana ɓuya a matsayin baiwar kicin a gidan ubanta tana jiran ranar fansa.

Gajere ne, wajen shafi 300, ba ya ɓata lokaci. Turancin na tsaka-tsaki ne amma tana jefa ka cikin duniyar ba bayani sosai, sai ka yi haƙuri da shafukan farko. Littattafan sun haura ashirin in ka haɗa da waɗanda ɗanta Todd ya rubuta, amma ukun farko sun isa kuma ana samunsu a haɗe. Abin hattara: ba a zayyana batsa, amma in dodanni suka tashi barbara abin da suke ji na kama mahayansu, kuma yadda jarumin ke mu'amala da Lessa, girgiza ta da tsawa, bai min daɗi ba sam. Takardar tsofaffin bugun kuma ƙananan nan ne masu rawaya, da hunturu ya busa gam ɗin ke bushewa shafuka su fara zubewa, nawa da roba na ɗaure shi. In yarinya za a saya wa, Dragonsong na 1976 ya fi, labarin wata mai son waƙa ne da aka hana ta, tsaf yake.

Ga shi a taƙaice

| | Eragon | Fourth Wing | Temeraire | Pern |
|---|---|---|---|---|
| Shekarar farko | 2002 | 2023 | 2006 | 1968 |
| Littafi nawa | 4 | 3 cikin 5 | 9 | 3 sun isa |
| An gama? | E | A'a | E | Ukun farko, e |
| Kuɗi | Sauƙi, akwai gwanjo | Tsada | Matsakaici, amma da yawa | Sauƙi in ka samu |
| Turanci | Sauƙi | Sauƙi sosai | Nauyi | Tsaka-tsaki |
| Batsa | Babu | A fili | Ambato kawai | Ishara |
| Matsayin dodo | Rabin labarin | Bayan soyayya | Shine labarin | Babba |
| Maimaitawa | Sau biyu, uku | Da wuya | Sosai | Sau biyu |

Takarda, waya ko sauraro

Wannan ma yana canza lissafi. A Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, ana ba da farkon kowane littafi kyauta, kuma manhajar na aiki a waya ba sai ka sayi na'urar ba, don haka kafin ka fitar da ko sisi sauke samfurin duka huɗun ka karanta, musamman Temeraire, a nan za ka gane ko Turancin zai karɓe ka. Wani amfanin waya shine ka danna kalma ma'anarta ta fito. Na sauraro kuma ya dace da mai doguwar hanya ko mai aikin hannu, Eragon wajen awa 16 ne, Temeraire na farko wajen 10, amma Fourth Wing kam kar ka kuskura ka kunna shi a sifika. PDF ɗin da ake turawa a guruf-guruf, ban da haƙƙin mai shi da ke ciki, sau da yawa a yanke suke ko an cakuɗa babuka, wasu shafukan saukewar kuma tarkon ƙwayar cutar waya ne. In takarda ka saya, buɗe tsakiya ka duba lambobin shafi a jere suke, ka ɗaga shafi ɗaya a haske, sannan a gida ka nisanta shi da bango saboda gara.

Wa ya dace da wanne

Ƙanwata mai jiran sakamako, da duk wani ɗan shekara 13 zuwa sama, da wanda ke son ya gyara Turancinsa yana jin daɗi: Eragon, ba dogon tunani. Ga tsafta, ga araha, ga tsawon da zai cinye hutu.

Abokin aikina da ya taso da littattafan yaƙi, shi ma Eragon na ce ya fara, don ya daɗe bai yi karatu ba, in ya gama na farko jikinsa ya saki sai ya tsallaka Temeraire, ba sai ya bi ta Eldest ba.

Wanda ya riga ya saba da karatun Turanci, mai son tarihi da siyasa, ko wanda dodon kansa ne ya kawo shi: Temeraire. Sayi na farko kaɗai tukuna.

Mai ƙaramin lokaci da ke son abu gajere, ko mai son ya ga inda abun ya samo asali: Dragonflight.

'Yar uwar nan ta TikTok kuwa, matar aure ce babba, na faɗa mata abin da ke ciki ba ragi, na ce in soyayya mai zafi take nema da dodo a gefe toh shine, amma ta sani za ta biya da tsada, za ta jira ƙarshen da bai zo ba, kuma ta nemi inda za ta ajiye shi yara ba su gani ba. Ta yi shiru, can ta ce in aro mata Temeraire ɗin ta gani tukun. Yau sati uku kenan, jiya ta turo min saƙo tana tambaya wai me yasa ba a biyan dodannin albashi, littafin kuma har yanzu bai dawo ba.